Amsar tambayar ƙanenmu a kan Rubinstein da shekarar 1912

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ƙanenmu ya yi tambaya tun da rana, wai da gaske ne akwai ɗan wasan ces (wato chess, darar Turawa) da ya ci manyan gasa biyar a shekara guda, kuma in haka ne me ya hana shi zama zakaran duniya. Rubutun zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To, ƙanena, gaskiya ne. Sunansa Akiba Rubinstein, Bayahude ne ɗan ƙasar Poland, an haife shi a 1880 a wani ɗan gari Stawiski, lokacin yankin na hannun Rasha. Gidan malamai ya fito, karatun addininsu aka sa shi, sai da ya tasa sannan ya san allon ces. A birnin Lodz ya goge.

Shekarar da kake nufi 1912 ce. Ya ci San Sebastian a Sifen, ya ci Pistyan, ya ci Breslau, a nan ne suka raba na ɗaya da Duras, ya ci Warsaw, ya rufe da Vilna, gasar gwanayen daular Rasha. San Sebastian ɗin da ƙyar aka sha, da rabin maki ya wuce Nimzowitsch da Spielmann. Amma a Pistyan ko ƙurarsa ba a gani ba, maki biyu da rabi ya ba na biyu. Kuma fa a jirgin ƙasa ake wannan zirga-zirga, kowace gasa sai an kwashe makonni.

Ba daga sama ya faɗo ba. A 1907 ya ci Carlsbad. A 1909 a St. Petersburg suka yi kunnen doki da Emanuel Lasker, zakaran duniya na lokacin, kuma da suka zauna gaba da gaba Rubinstein ne ya kayar da shi. A 1911 da Capablanca, gwanin ƙasar Kuba, ya ci San Sebastian, wasa ɗaya tak aka cinye shi, Rubinstein ne ya yi.

Don Allah duk mai allo a gida ya nemo wasansa da Rotlewi, Lodz 1907, ya jera da hannunsa. Rubinstein ke da baƙaƙen kaya, Rotlewi ke da farare. Sarauniyarsa na gidan h4 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa), an kawo mata hari da soja, kowa zai ce janye ta zai yi. Sai ya bar ta nan, ya ci doki da ruk, wato mai siffar hasumiya, a c3. Aka cinye sarauniya. Ya ɗauki ɗaya ruk ɗin ya ajiye a d2, a bakin sarauniyar fari, shi ma aka cinye. Ya ci a e4 da bishop, wato mai tafiya a karkace, sarki a tsaka mai wuya, fari ya tare da sarauniya. Sai ya zame da ruk zuwa h3, shiru, ko hari ga sarki babu. Nan Rotlewi ya sallama, don babu abin da zai hana mutuwar sarki a h2. Ranar da na fara jera shi wallahi sai da na mayar da kayan sau uku kafin na yarda da idona.

Amma ainihin ƙarfinsa ƙarshen wasa ne, in an rage ruk da sojoji. Soja ɗaya ya fi ka, ko ma kuna daidai, a hankali zai matse ka har numfashi ya ƙare.

Batun kambu shi ne ke min ciwo. A zamanin babu hukumar ces ta duniya, FIDE, sai 1924 aka kafa ta. Zakara shi ke gindaya sharaɗi, mai ƙalubale shi zai nemo kuɗi, shi kuwa Rubinstein ba mai hali ba ne, ga kunya, ba ya iya bin masu kuɗi. Da aka daidaita za su kara da Lasker a ƙarshen 1914, sai ya yi rashin sa'a a gasar St. Petersburg ta shekarar, ko cikin biyar na sama bai shiga ba, ga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Magana ta bi ruwa. Lasker ya riƙe kambun har 1921, Capablanca ya karɓe.

Bayan yaƙi ya ci Vienna a 1922 a gaban Alekhine, wanda daga baya ya zama zakaran duniya, a 1930 kuma ya ja Poland ta ci zinare a gasar ƙasashe ta Olympiad a Hamburg, maki 15 cikin 17 ya samu. Sai dai tsoron shiga mutane ya ci ƙarfinsa, ana cewa in ya buga nasa a allo sai ya tashi ya koma lungu ya jira. Wajen 1932 ya daina gasa, ya rasu a Antwerp ta Beljiyam a 1961.

Wanda ya jera wasan Rotlewi ya tsaya kafin ruk ya ci c3, ya turo min abin da shi zai buga a wurin. Sai da safenku.