Goggo ta amsa: shin shukar tukunya gadali ce?

'Yata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya, ciwon gwiwa ne ya hana ni zama in ba ki amsa. Kin ce kin sayo 'yar alobera a tukunya kin ajiye bakin taga, Hajiyar mijinki ta gani ta ɓata rai, wai gadali kika dasa wa ɗanta. Kina tambaya ko a al'adarmu laifi ne mace ta ajiye shuka a ɗaki.

Kada ki ga laifin Hajiya. Mu da muka tashi a gidan yawa ba mu san shuka don ado ba. Abin da ke tsakar gida, ko na miya ne, ko na magani, ko na kwalliyar jiki: zogale, lalle, 'yar kubewa da damina. Idan aka ga shuka tilo cikin kasko, an ɓoye ta bayan randa ana lallaɓa ta, gadali zuciya ke kawowa, don shi wasu mata ke dasawa da sunan mallaka, abin da malamai suka daɗe suna tsawatarwa a kai. Amma gadali kai gare shi a ƙasa kamar albasa, ganyensa falle-falle. Aloberarki kuwa ganye ne mai kauri da ƙaya a gefe, in an karya sai yauƙi. 'Yar'uwarta ta daji zabuwa muke ce mata, saboda ɗigo-ɗigon farin nan irin na jikin zabo. Kakarki na da ita gindin katanga. Yaro ya ɗan taɓa murhu, a yanko ganye a shafa masa. Ruwan ɗorawan nan mai ɗaci da ke fara tsattsafowa kuwa gudawa yake sawa, mai ciki ba ta shan shi.

Ni abin da na fi jiye miki, kada ki kashe ta da gata. Na san halinki, kullum da buta a hannu. Irin waɗannan shuke-shuke ruwansu na cikin jikinsu. Dubi aguwa da ake shingen gona da ita wajen Daura da Maraɗi: reshe ake sarewa a kafa a rairayi, wa ke ba ta ruwa? Ki samo tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ki sa tsingaro kan hudar, ki cika da yashi da 'yar ƙasa kaɗan. Kafin ki zuba ruwa, tura yatsa; in kin ji sanyi, ki bar ta. Da hunturu sau ɗaya a mako 2 ya isa. A watan Agusta na rasa tawa ta farko, don na bar ta ƙarƙashin indararo: ganyen ya yi lugub, na ɗaga sai ya tsinke daga gindi, yana wari.

Ki kuma fito da ita daga bayan labule, rana take so. Ta hantsi ta fi. Ta azahar a watan Afrilu kan mayar da ganyen ja. A fili ma Hajiya za ta fi samun natsuwa, don mai gadali ba ya shanya shi a idon jama'a.

In ta yi 'ya'ya a gindi, ki cire ɗaya da saiwarsa, ki bar shi a inuwa kwana 2 ya sha iska, ki dasa ki kai mata da hannunki. Ni ma ki ajiye mini ɗaya. Ki gaida maigidan.