Shin "athair" ta mutanen Ailan aron Turanci ce?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Dublin, babban birnin ƙasar Ailan. Ya ce mini a harshensu na gado, wato Gaeilge, uba shi ne "athair". Da na ga rubutun sai na ce ai "father" ce ta Turanci aka sare wa kai. Haka ne?

Amsa: Hajiya, idonki ya ga kama, kuma kamar gaskiya ce, amma ba aro ba ne. Kalmar tana cikin rubuce-rubucen da malaman coci na Ailan suka yi a gefen littattafai tun ƙarni na 8, alhali mamayar Ingila ba ta fara a tsibirin ba sai 1169. Kuma a baki ba su yi kusa ba, don "th" ɗin kamar "h" ake furta shi, wajen "ahir".

Kakansu ne ɗaya. Gaeilge da Turanci da Latin da Farisanci da Sanskrit, tsohon harshen Indiya, duk jikokin wani harshe ne da aka yi dubban shekaru da suka wuce, ba a taɓa rubuta shi ba, masana ne suka gano siffarsa ta hanyar kwatanta jikokin. Uba a Latin "pater" ne, a Farisanci "pedar". Reshen da Turanci ya fito ya mai da "p" ɗin "f", kamar yadda bakinmu ya yi da fensir da fasinja. Reshen Seltik, inda Gaeilge take, shi ko yar da shi ya yi gaba ɗaya. Ba a kalma ɗaya ba: kifi a Latin "piscis", a Turanci "fish", a Gaeilge "iasc". Wannan maimaituwa ita ce hujjar da nake dogaro da ita, ba kamannin rubutu ba.

Abin ya yi nisa har da Kiristanci ya iso a ƙarni na 5, mutanen ba su da "p" a bakinsu sam. Sai suka riƙa sa "c" a gurbinsa: "Pascha" ta Latin ta zama "Cáisc", bikin Ista ke nan, "planta" ta zama "clann", 'ya'yan gida. Shi kansa waliyyinsu Patricius da fari Cothraige suka kira shi. Sai daga baya, da harshe ya saba da Latin ɗin coci, aka samu Pádraig.