Tambaya da Amsa: Lalacewar Motar Kwana-kwana Na Hana Jirgi Sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Aboabo nake, ba nisa da filin jirgin Kumasi. Na ji ana cewa idan motar kwana-kwanan filin ta lalace ana iya hana babban jirgi sauka. To me zai hana a kirawo motocin kashe gobara na cikin gari su riƙe wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Hukumar ICAO, wadda ke tsara dokokin sufurin jiragen sama na duniya, ta kasa filayen jirgi aji goma, kuma tsawon jirgi da faɗin cikinsa ne ke yanke ajin da yake bukata. Embraer 145 da Dash 8 Q400 da ke zirga-zirga tsakanin Accra da Kumasi 'yan aji na 6 ne: mota biyu, ruwa lita 7,900 idan kumfar kashe wuta da ake haɗawa da shi mai matsakaicin inganci ce, da hodar kashe wuta kilo 225. Boeing 777-300ER kuwa, mai tsawon kusan mita 74, aji na 9 yake so: mota uku, ruwa lita 24,300, ana feso shi lita 9,000 a minti ɗaya. Ka lissafa, ko minti uku ruwan ba zai kai ba. Da zarar mota ɗaya ta kwanta, ruwan da ke kan tayoyi ya gaza, dole filin ya sanar da matuƙa cewa ajinsa ya sauka, kamfanin jirgi kuma ya sake lissafi.

Motar gari ba don wannan aikin aka ƙera ta ba. Man jirgi ɗan'uwan kananzir ne, ya fi ruwa rashin nauyi; in ka watsa masa ruwa zalla sai ya hau kansa ya malala da wutarsa. Shi ya sa ake gauraya ruwan da sinadarin kumfa, kashi 3 ko 6 cikin ɗari, kumfar ta lulluɓe man ta toshe masa iska. Motar filin jirgi, irin su Rosenbauer Panther, na ɗauke da ruwa sama da lita 10,000, tana ratsa ciyawa da taɓo, tana kuma feshi daga bindigar ruwan da ke bisa rufinta tun ba ta tsaya ba. Yawancin motocin gari sai sun tsaya an warware mesa.

Sai lokaci, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Daga kiran hasumiyar da ke kula da sauka da tashin jirage zuwa fara feshi a ko'ina a titin jirgi ba a yarda ya wuce minti uku ba, an ma fi son biyu. Jikin jirgi na alminiyam ba ya jure wutar mai, kuma minti ɗaya da rabi aka ware don fitar da fasinjoji duka. Motar da za ta taso daga Adum a tsakiyar Kumasi ta keto cunkoson kasuwar Kejetia, sai dai ta zo agaji daga baya.

Tambaya: Malam, 'yan kwana-kwanan filin jirgi suna fita wajen katanga kuwa? Daga wata 'yar'uwa a Nima, Accra.

Amsa: Suna fita, Hajiya, idan hatsarin jirgi ne a gefen filin. A ranar 2 ga Yuni 2012 wani jirgin dakon kaya, Boeing 727 daga Legas, ya zarce ƙarshen titin saukar jirgi na filin Accra, ya fasa katanga ya afka wa motar haya kusa da filin wasa na El-Wak, aƙalla mutum 10 suka rasu. Saboda irin wannan ake barin ƙofofin gaggawa a jikin shinge, da hanyoyin da za su ɗauki nauyin mota mai tan 30 ko fiye. Gobarar unguwa dai aikin hukumar kashe gobara ta ƙasa ne, don duk motar da ta bar filin na iya rage ajinsa.