Amsa ga ɗan'uwan da ke son tayar da tsohuwar Golf 2 GTI a gida

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka samu Golf 2 GTI da ta yi shekaru a kafe a wani gida, mai ita zai sallama maka da sauƙi, kana son ka tayar da ita da hannunka. Bakanike ya ce a cire injekta a sa mata kafireto a huta, mai fenti kuma ya ce a kawo ya fesa ta tukuna. Ni ma irinta gare ni, kuma a tsakar gida na yi yawancin aikinta, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Duka shawarwarin nan biyu ka ajiye su gefe. Fenti shi ne aikin ƙarshe, kafireto kuwa ba ya cikin lissafi sam.

Kafin ka ba da ko sisi, ka tabbatar GTI ce. Golf 2 an ƙera ta daga 1983 zuwa 1992, kuma da yawa daga waɗanda ke yawo da jan layi a gaba da tambarin GTI a baya, tambarin kawai aka manna. Buɗe but, ka ɗaga kafet, ka duba kusa da mazaunin safaya. Akwai farar takarda da kamfani ya liƙa, tana ɗauke da lambar shasi da harufan inji. Idan ka ga EV ko PB, wannan 1.8 ce mai bawul 8, ƙarfin doki 112. Idan KR ce, ka yi sa'a, mai bawul 16 ce da ta fito a 1986, ƙarfin doki 139. Sai ka duba jikin injin kansa ka ga ko harufan sun zo ɗaya da na takardar, domin a nan ƙasar da wuya mota ta kai wannan shekarun ba a taɓa sauya mata inji ba. Lambar shasi ma ta dace da ta takardun kwastan da na rajista, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu. Kada ka zuba kuɗinka a motar da wata rana za a tare ka a hanya a kanta.

Daga nan sai tsatsa, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci sosai. Mutane suna cewa ai Arewa babu danshi, mota ba ta ruɓewa. Gaskiya ne ga motar da ta tashi a nan. Amma waɗannan 'yan Beljiyam ne, sun yi shekaru suna taka gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi kafin su sauka Kwatano, sannan suka zo suka sha damina a kafe, ganye da ƙasa sun toshe musu hanyoyin ruwa. Cire batir ka duba farantin da yake zaune a kai. Ɗaga robar gilashin gaba ta ƙasa, musamman kusurwoyi biyun nan. Duba bakin tanki ta cikin marfin, duba ƙarƙashin ƙofofi inda ake kafa jak, sannan ka leƙa bayan baƙaƙen robobin da ke zagaye da tayoyi, don nan ne laka take kwanciya ta ci ƙarfe ba wanda ya gani. Ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba, ka sa hannu. In ka ji laima ko wari, ruwa yana shiga, kuma a Golf 2 yakan sauka ne daidai kan akwatin fiyus. Rabin matsalolin wuta da ake ɗora wa motar nan daga can suke.

Ka tafi da sukudireba da ɗan maganaɗisu. Inda ka danna ka ji ya lotsa, ƙarfe ya mutu. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, foti ne aka cusa. A tawa, ƙarƙashin ƙofar direba sumul yake a ido, da na kankare sai ga foti mai kaurin yatsa, a bayansa rami. Maganin wannan ɗaya ne: a yanke wurin, a sa sabon ƙarfe, a yi walda. Idan ruɓar ta kai inda shokoba ke ɗaure ko inda ƙafar baya ke kama jiki, ni dai shawarata ka haƙura da ita. Inji ana sayo wani a Ƙofar Ruwa ko Fanteka gobe da safe, amma bodi mai lafiya ba ya samuwa a kasuwa.

In ta tsallake wannan ka kawo ta gida, kada ka yi gaggawar sa batir ka murɗa makulli. Na san zuciya tana son jin ƙararta, amma ka daure. Cire fulogogi, ka ɗiga bakin mai kaɗan a kowane rami, ka bar shi ya kwana, sannan ka juya injin da sifana ta kan fulin ƙasa. Ya juya salin-alin, alhamdu lillahi. Ka zubar da tsohon bakin mai da tsohon fetur duka, ka sauya filtoci. Taimin bel kuwa ko ya yi kyau a ido ka sauya shi tare da tenshina, roba ce, zama ma yana kashe ta. A mai bawul 16 in ya tsinke inji na tafiya, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Bayan ta tashi ka nemi a auna maka kwamfireshin. Lafiyayyen inji yana ba da wajen bar 10 zuwa 13 (bar ma'aunin matsi ne), kuma abin lura shi ne silinda huɗun su zo kusa da juna. Sau da yawa za ka tarar ba ta buƙatar a buɗe inji ko kaɗan, don haka kada wani ya sa ka sayen ringi tun ba a auna ba.

Yanzu maganar kafireto. Abin da ya bambanta GTI da Golf ɗin da ke ɗaukar fasinja a tasha shi ne yadda take shan mai da yadda take amsa totur. Ka cire wannan, ka sayi wahalar tsohuwar mota ba tare da daɗinta ba. Kanikawanmu suna ba da wannan shawarar ne saboda kafireto suka fi sani, ba don injektan ya gagara ba. Iri biyu ne a kan injinan da na ambata. Na farko K-Jetronic na kamfanin Bosch, wanda ke kan EV da KR. Za ka gane shi da siraran bututai huɗu da ke fita daga kan akwatin iska zuwa nozul. Ba shi da kwamfuta, da matsin mai yake aiki, wajen bar 5. Abin da ke kashe shi tsohon fetur ne, yakan daskare ya riƙe 'yar sandar ƙarfen da ke tsakiyar marabar mai, wato inda bututan nan huɗu suke fitowa. A wanke tanki, a sa sabon filta, a duba famfunan mai, domin biyu ne: ƙarami a cikin tanki, babba a ƙarƙashin mota. In ƙaramin ya mutu sai babban ya riƙa kuka, motar tana shaƙewa in rana ta yi zafi, mutane su yi ta sauya babban a banza. Sannan ka bi duk robobin iska, musamman babbar robar da ke kan akwatin, ka lanƙwasa ta ka ga ko ta tsage. Iska kaɗan ta saci hanya, silo ya lalace. Marabar man nan kada ka bari kowa ya buɗe ta a ƙasa cikin ƙura.

Na biyu Digifant, wanda ya zo a kan PB daga wajen 1987. Shi yana da birenbos, wato kwamfutar inji. Abu biyu ke damunsa: shuɗin sensan zafin ruwa da ke gaban inji, da wayoyin at, wato waɗanda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. In at ɗin da ke tsakanin batir, bodi da giyabos ya yi tsatsa ko ya saki, wutar sitata takan nemi hanya ta cikin birenbos ta ƙona shi. Kafin ka sa batir karo na farko, ka kwance waɗannan wayoyin ka goge su har su yi ƙyalli. Aikin rabin awa ne, kuma kai da kanka za ka yi.

Wajen sanyaya inji, ina roƙonka kada ka bi al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. Injin an yi shi ne ya yi aiki da zafinsa, in bai kai ba sai ya yi ta zuba mai kamar yanzu aka tayar da shi da asuba. A wanke lagireto ko a sauya, a sa sabon tamostat da suwic ɗin fanka, a zuba kulant maimakon ruwan rijiya. Robobi da bakunan filastik na ruwa duk sun gasu, ka sauya su tun kana gida.

Birki ba a yi masa rowa. GTI faifai gare ta gaba da baya, kuma na bayan sun saba ƙamewa in mota ta daɗe a tsaye, tare da wayar hambirki. Sabon man birki DOT 4, sababbin robobin birki, sababbin tayoyi ko da tsofaffin suna da zane. Giyabos ɗinta ka duba mansa, wajen lita 2 yake ci, in ya yi ƙasa giya ta biyar ce take fara ƙonewa. In giya tana lilo a hannu, ƙananan bushin ne na sandar giya, ba su da tsada. Kayan ƙafa ba za su ba ka wahala ba, Jetta 2 da sauran Golf 2 duk suna ba ta.

Abin da zai ba ka wahala shi ne kayan da ba kowace Golf ke da su ba: kujerunta, sitiyari, kan giya mai kamar ƙwallon golf, ragar gaba mai jan layi, agogon dashbod mai MFA (ɗan allon da ke nuna shan mai da makamantansu), da robobin gefen tayoyi. Ko sun tsufa kada ka yar, kada kuma ka bar su a garejin wani. Duk abin da ka kwance ka ɗauki hotonsa da waya, ka sa notinansa a leda ka rubuta suna. Kuma kada ka warware motar gaba ɗaya lokaci guda. Na ga motoci da yawa da aka yi wa haka, kuɗi ya yanke, yara suka watsar da notina, ƙarshenta 'yan gwangwan suka auna ta a kilo. Ka gama sashe ɗaya ta koma kan ƙafafunta, sannan ka kama wani.

Tunda a gida za ka yi, kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai, ko a kan bulo. Ka sa a yi maka matokaran ƙarfe masu ƙwari. Ranar da za ka buɗe layin fetur ka cire kan batir, ka nisanta da murhu da janareta, ka kori yara, abin kashe gobara yana kusa. Walda da fenti ka kai wa masu su. In lokacin fentin ya zo, bayan ka hau ta ta yi 'yan watanni ba ta ɗigar da komai, ka nemi mai ɗakin feshi rufaffe, kuma ka kauce wa lokacin hunturu saboda ƙura.

Ka turo mana hoton takardar nan ta cikin but, da na ƙarƙashin batir, da na saman inji ta ɓangaren akwatin iska. Da su zan iya gaya maka wane injekta gare ka, da ko kuɗin da aka sa mata ya dace. Allah Ya sa albarka a ciki.