Ba kowace kujerar fata ke son sabulu ba

Ka tambaye ni jiya muna haɗa kaya, me ya sa na bar ka ka wanke kujerun Prado da burushi da ruwan sabulu, amma da ka nufi Lexus LX 570 ɗin Alhaji da bokitin nan na daka maka tsawa. Har ka ce, "Maigida, ai fata fata ce." Kiran magariba ne ya hana ni ba ka amsa. Yanzu jawo bencin nan ka zauna, ka miƙo min ƙyallayen fatar da ke cikin kwalin can.

Fatar shanu idan ta fito daga jima tana da kauri, ba a ɗinka kujera da ita a haka. Akwai inji mai doguwar wuƙa da ke tsaga ta a kwance, ya raba ta sama da ƙasa. Ɓangaren sama, inda gashi ya tsiro, shi ne mai ƙarfi, don zaruruwansa a matse suke kamar saƙar tabarma mai kyau. Na ƙasa, wanda ke kallon nama, sako-sako ne. Fatar kujerar mota kaurinta bai cika wuce milimita 1 da ɗan ɗoriya ba. Duk bambancin kuɗin da kake ji daga nan ya taso: wane ɓangare aka ɗauka, me kuma aka yi wa fuskarsa.

Riƙe wannan. Fuskarta ta asali ce, ba a goge ba, ba a buga mata zane ba. Kai ta wajen haske ka ga ramukan gashi, wani wuri a cunkushe, wani wuri a warwatse, ga ma alamar naɗin wuyan dabbar. Sai fatar da ta zo ba tabo ake bari haka, kuma irinta kaɗan ce. Shi ya sa Rolls-Royce da Bentley suke neman fatar bijiman ƙasashen Turai masu sanyi, inda ƙwari ba sa damun dabba. Bijimi kuwa, ba saniya ba, domin ciki da haihuwa suna barin shaidar miƙewa a jikin fata. Kafin a daina ƙera ta a 2020, Bentley Mulsanne ɗaya tana cinye fatar bijimi wajen 16. Garke guda ke nan a cikin mota.

Wannan ta biyu gyararriya ce. Ta zo da tabo, aka goge fuskar da takarda mai yashi, aka cike ramuka, aka fesa mata fenti mai kauri, sannan aka danna ta da faranti mai zafi wanda ke da zanen fata. Duba, zanen nan iri ɗaya ne daga wannan gefe har wancan, hannun inji ne. Kada ka raina ta, fata ce ta gaske, ita ce a yawancin motocin da ke shigo mana, ita ce kuma irin ta Prado. Jiya burushinka bai taɓa fata ba sam, fenti da ɗan rufin roba ya goga. Ta uku tsagin ƙasa ne da aka lulluɓe da roba aka yi masa zane. Shekara biyu ko uku a rana, sai ka ga yana ɓarewa kamar saɓar maciji. Ko mai mota ya matsa maka don araha, kada ka sa shi a mazauni.

Yanzu ga inda amsarka take. Ko a cikin fata mai fuskar asali, rufin ya bambanta. Akwai wadda ake kira anilin: rini kawai aka yi mata, ya shiga jikinta kamar yadda baba ke shiga zane a marina, ba komai a kai. Ita ta fi laushi, ita kuma ta fi rauni, tana shan ruwa, tana shan gumi, rana tana cinye launinta. Don haka da wuya ka same ta zalla a mota. Abin da manyan motoci ke sawa rabin-anilin ne, an rina sannan an bi da ɗan siririn rufi, wanda bai kai ya ɓoye ramukan gashi ba. Shi ne a Lexus ɗin Alhaji, shi ne a manyan Range Rover. Burushi mai tauri da sabulun wanki za su cire wannan rufin cikin minti kaɗan, kuma ba ya komawa. Ka gane? Nan mai tsada ita ce mai saurin rauni, kamar shadda gizna da kakin soja.

Ni ma da kuɗina na saya wannan karatu. Farkon buɗe rumfata, wani babban ma'aikaci ya kawo tsohuwar mota mai kujeru ruwan madara, rufinsu ya riga ya suɗe. Na ce bari in tausasa su da man kaɗe, yadda na ga dukawa suna yi wa jaka. Kafin azahar fatar ta shanye man, ta yi dabbare-dabbare. Wata huɗu ina biya. A fata mai kaurin fenti kuma man ba ya shiga ko kaɗan, zama yake a sama ya riƙe ƙurar hunturu, mai zama yana gurza ta da wandonsa har fentin ya tsage.

Sunayen da masu motoci ke yi maka burga da su, ka san ma'anarsu. Nappa daga garin Napa na Kaliforniya a Amurka sunan ya fito, inda wani majemi mai suna Emanuel Manasse ya fara yin ta a 1875. A mota ana nufin fata mai laushi da ba a cika mata fenti ba, amma kowane kamfani da irin tasa. A BMW, Dakota ita ce mai bugaggen zane da rufi mai kauri, Merino ce ta sama, kuma ko da sunan na tumaki ne fatar ta shanu ce. Audi na da Valcona. Su kuwa Artico da MB-Tex na Mercedes, Sensatec na BMW, SofTex na Toyota da NuLuxe na Lexus, duk 'yan uwan sikai ne, wato fatar robar da muke saye a kasuwar Katako, sai dai sun fi shi inganci nesa ba kusa ba. Alcantara ma, mai kama da fata mai gashi-gashi, zaren roba ne, wani Bajapane ya ƙirƙiro, ana yin sa a Italiya. Kuma ko an ce maka kujerar fata ce, sau da yawa mazauni da majingina kaɗai ne fata, gefe da baya sikai ne. Idan ka manta da haka wajen fenti, launi biyu za ka fitar.

Na san za ka ce me ya hana mu sayo a wajen majeman unguwar Gamkalle da ke nan Yamai. Jimarsu ta bagaruwa ba ta da makusa a takalmi da jaka da kube, kuma fatar jar akuyar Maraɗi har Turai an san ta. Amma ta akuya ƙarama ce, ba ta rufe majingina. Ta shanunmu kuma ga lambar wuta, ga cizon kaska, ga ƙarzar ƙaya, ga yankan wuƙar mahauci. Bayan haka, fatar mota da gishirin kurom ko wasu sinadarai ake jeme ta, ana gwada ta a zafi don kada ta ƙanƙance ko ta fitar da tururin mai da zai dusashe gilashi. A watan Afrilu a Yamai zafi na kai 45 a inuwa, balle a motar da aka rufe a rana.

Gobe idan mun buɗe Lexus ɗin, ka fara zura hannu ƙarƙashin kujera ka juyo bakin fatar: ta gaske bayanta gashi-gashi ne, na sikai kuwa yadi ne. Sannan ka ɗiga ruwa a wuri ɓoyayye. Idan ya tsaya ƙwal, akwai rufi. Idan wurin ya yi duhu, ka kira ni kafin ka taɓa komai. Shuɗin da ke majinginar direba shunin sabuwar shadda ne, da farin tsumma mai ɗan laima da maganin da ke cikin kabad za mu bi shi a hankali. Mazaunin mai huje-huje ne saboda iskar sanyi da ke fitowa ta ƙasa, don haka tsumma ake jiƙawa, ba a zuba ruwa. Ɗinkin gefen da ke kallon ƙofa kuma jakar iska ce a bayansa, zarensa an yi shi ne don ya tsinke lokacin haɗari, kada allurarka ta je wurin. Tashi ka dubo ko fararen tsummokaran sun bushe.