Tun da na kalli fim ɗin nan barci ya gagare ni

Salamu alaikum Anti. Ina Jidda ne ina aikatau a gidan wasu Larabawa, shekara uku kenan. Daren Alhamis 'yan matan gidan suka kunna wani fim a falo suka ce in zauna mu kalla, wallahi Anti ba jini ba dodo, wata mata ce kawai take jin ana ƙwanƙwasa bango da tsakar dare, ta faɗa wa mijinta ya ce ta zautu, har fim ya ƙare ba a nuna ko da gaske akwai wani abu ko ƙwaƙwalwarta ce ba. Su sun tashi suna dariya, ni kuwa yau kwana tara ban yi barcin kirki ba, ƙarar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ma firgita ni take. Shekaranjiya na farka na kasa motsi kamar an danne min ƙirji, ina so in yi salati baki ya ƙi buɗuwa. Dan Allah aljanin fim ɗin ne ya biyo ni?
Ƙanwarki a Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu kin ji. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya same ki shekaranjiya shi ne dannau, Larabawan nan suna ce masa jasum, kuma likitoci sun san shi sarai. Lokacin da mutum yake mafarki ƙwaƙwalwa takan tsayar da gaɓoɓinsa don kar ya tashi yana aikata abin da yake gani, to wani sa'in ido ya riga jiki farkawa, shi ne za ki ji kina ji kina gani amma ko yatsa ba kya iya ɗagawa. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintuna ya sake ki. Ƙarancin barci da damuwa da kwanciyar rigingine su ke jawo shi, ke ga shi kwana tara ba ki runtsa yadda ya kamata ba.

Shi kuma irin wannan fim ya fi mai dodo illa a ganina, don dodo da kin gan shi kin san ƙarya ce an masa kwalliya, amma wanda aka ɓoye miki ƙwaƙwalwarki ce za ta ƙera shi da kanta, kuma da kayan ɗakinki za ta ƙera, bango, ƙofa, ƙarar mukayyif. Da gangan suke yi, a yi tsit a daɗe sannan a saki ƙara, zuciya ta buga. Shi ya sa tun da aka sake buɗe gidajen silima a Saudiyya a 2018 ake manna wa irinsu alamar R15 ko R18, wato ba na 'yan ƙasa da shekara 15 ko 18 ba ne.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki, me ya sa su suka yi dariya ke kika kasa barci? Su suna gidan ubansu ne, uwa na ɗaki na kusa. Ke kina kwana ke kaɗai a gidan mutane, nesa da danginki, sai aka nuna miki mace ita kaɗai tana faɗin damuwarta ba mai yarda da ita. Ina jin nan ne ya taɓa ki ƙanwata, kuma ba abin kunya ba ne.

Ki daina kallon irinsu, ko sun kira ki ki ce kina da aiki. Ki rage shayi da gahawa bayan la'asar, ki kwanta ta gefen dama, ki bar ƙaramar fitila a kunne, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kar ki bari su wuce ki. In dannau ya dawo kar ki yi kokawa da shi, ki ja numfashi a hankali kina ƙoƙarin motsa yatsan ƙafa. Kuma ki riƙa kiran gida kafin ki kwanta ko minti biyar ne ki ji muryar mama. In an ƙara sati biyu abin bai lafa ba ki kira 937, layin ma'aikatar lafiya ne, ko ki roƙi uwar ɗakinki ta kai ki asibiti, sannan ki sake rubuto min in ji yadda kika kwana.