Injin naɗe zaren fatsa na teku: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato injin naɗe zare na masu fatsa a teku. Zan fara da wadda kukanta ya fi yawa.

Wani ɗan'uwa ya ce inji biyu suka mutu a hannunsa cikin shekara ɗaya. Na farko hannun injin ya ƙage, na biyu ya fara gurnani, daga baya ya daina jera zare daidai. Yana tambaya ko ya tara kuɗi ya sayi mai tsada ya huta.

Malam, kafin ka taɓa aljihu, me kake yi wa injin idan ka dawo daga ruwa? Wasiƙarka ba ta ambaci wanki ko sau ɗaya ba, kuma a nan matsalar take. Gishiri ne ya kashe maka su, kuma zai kashe mai tsadar ma, sai dai ya ɗan jima. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Idan ruwan ya bushe, gishirin yana nan daram a cikin boris, a ƙarƙashin kwarkwaro, da cikin ɗan gargaren nan da zare ke bi ta kansa. Gishiri kuma yana jawo laima daga iska, don haka wurin ba ya bushewa da gaske. Sannan inji ba ƙarfe ɗaya ba ne: jiki na alminiyom, sukurori na ƙarfe marar tsatsa, wata giya ta tagulla. Duk inda ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, wata 'yar wutar lantarki za ta riƙa gudana, kuma alminiyom ne ke cinyuwa. Ka duba gefen sukurorin injin da ya mutu. Za ka ga farin gari ya taru, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Aikin gishiri ke nan.

Maganin kuwa bai kai minti biyar ba. Ka ɗaure birki tam, wato abin da ke riƙe zare ya kuma sake shi idan kifi ya ja da ƙarfi, don kada ruwa ya shiga faya-fayansa. Ka yayyafa ruwan daɗi a hankali, ko ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka tsoma inji cikin bokiti, kada kuma ka sa masa ruwa mai ƙarfin feshi, domin hakan tura gishiri da yashi yake yi can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Ka karkaɗe shi, ka goge, ka bar shi ya sha iska a inuwa, sannan ka sassauta birkin kafin ka ajiye, saboda faya-fayan da suka kwana a matse suna lotsawa. Ɗigon mai ɗaya a ɗan gargaren zare, ɗaya a mariƙin hannu, lokaci-lokaci. Sau ɗaya a shekara a buɗe ciki, a share tsohon giris, a sa sabo daidai kima. Manomin da ke wanke injin feshinsa bayan kowane aiki ya san abin da nake faɗa.

A nan zan yi faɗa kaɗan, don na gaji da maimaitawa. Mutane su ƙi wanke inji, sai su je su kashe kuɗi a kan gwangwanayen man fesawa masu tsada, wai na hana tsatsa. Ka fesa mai a kan gishiri, ka rufe gishirin ne kawai a inda yake. Mafi muni, wasu daga cikin waɗannan mayuka masu ruwa-ruwa narkar da giris suke yi. Idan ka fesa su cikin giya, yau za ka ji inji ya yi laushi ka yi murna, bayan 'yan makonni ƙarfe na cin ƙarfe a bushe. In suka taɓa birki kuma, sai ya daina riƙo yadda ya kamata. In kana son amfani da su, ka fesa a tsumma ka shafi bayan inji bayan wanki. Iyakarsu ke nan.

To, wane iri za ka saya yanzu? Ka nemi matsakaici, mai jikin ƙarfe, daga kamfanin da ake samun kayan gyaransa. Wannan na ƙarshen ya fi komai a wurina. Injin da za ka iya sauya masa boris ko sifirin ɗin marufin zare, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake buɗewa kafin jifa, zai yi maka shekaru, wanda ba a san mahaifinsa ba kuwa ƙaramin sifirin ɗaya zai sa ka jefar da shi. Penn na Amurka, da Shimano da Daiwa na Japan, da Okuma na Taiwan duk suna da matsakaitan injuna na teku. Penn Battle da Daiwa BG, misali, jikinsu ƙarfe ne, birkinsu na kabon. Sai dai a kula da jabu, don sunan da ya shahara shi ake kwaikwayo. Idan ya shigo hannunka, ka juya hannun a hankali ƙwarai, ka saurara da tafin hannunka, kada ka ji ƙaiƙayi ko tsalle. Ka mayar da hannun baya, bai kamata ya yi wasa ba. Ka riƙe ƙafar injin ka ɗan murɗa jikin. In ya lanƙwasa a hannunka, babban kifi zai lanƙwasa shi fiye da haka, haƙoran giya su goce daga juna.

Wani matashi ya ce ya ga inji mai boris 14 da arha, ga wani mai boris 5 ya fi shi tsada, wanne ya fi?

Ɗana, ɗauki mai biyar ɗin, muddin na ƙarfe marar tsatsa ne masu murfi. Boris 14 marasa inganci wurare 14 ne da tsatsa za ta kama.

Wata baiwar Allah tana son saya wa mai gidanta, wanda ke jifa daga gaɓa, amma lambobin sun rikita ta.

Hajiya, lambobin nan na 4000, 6000, 8000 girma suke nunawa, sai dai kowane kamfani da ma'auninsa, 6000 na wannan ba lallai ya yi daidai da 6000 na wancan ba. Ki karanta abin da aka rubuta a jikin kwarkwaro, wato yawan zaren da yake ɗauka. Mai jifa daga gaɓa yana buƙatar wanda zai ɗauki mita 250 zuwa 300 na zaren nailan mai kaurin milimita 0.35, kuma yawanci a tsakanin 6000 da 8000 ake samunsa. In daga kwale-kwale ne kusa da gaɓa, ana neman matsakaitan kifaye, 4000 ko 5000 ya wadatar. Ɗaya lambar, irin 5.2:1, tana nufin kan injin zai zagaya sau 5.2 duk juyin hannu ɗaya. Mai babbar lamba ya fi saurin kwaso zare, mai ƙarama ya fi ƙarfin ja. Mai jawo dalma mai nauyi daga nesa ba ya buƙatar mai gudu sosai.

Akwai wanda ya ce duk babban kifin da ya kama sai zare ya tsinke, ya sauya zare har ya gaji.

Ba zaren ba ne, Malam, birkinka ne. Kana ɗaure shi har ƙarshe don tsoron kada kifi ya gudu, alhali aikin birki shi ne ya saki zare kafin ya kai ga tsinkewa. Ƙa'idar da masunta suka daɗe a kanta ita ce a saita shi a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. In zarenka na kilo 9 ne, birki ya fara saki a kilo 2 da ɗan wani abu zuwa kilo 3. Ka ɗaura zaren a sikeli mai ƙugiya, wani ya riƙe, kai ka ɗaga sanda, ka ga inda allura take lokacin da zare ya fara fita. Ka kuma lura da yadda yake fita. Birki mai kyau sulɓi yake yi. Wanda ke riƙewa ya saki, ya riƙe ya saki, shi ke tsinke zare a fizgar farko. Faya-fayan matsattsen ulu sukan yi haka idan sun tsufa ko sun jiƙe, kuma a injuna da yawa ana iya sauya su da na kabon ba tare da sayen sabon inji ba. In bayan wannan zare bai daina tsinkewa ba, ka shafa ɗan gargaren zare da leɓen kwarkwaro da farce, wataƙila tsatsa ta yi musu kaifi.

Wani na tambaya ko ya koma irin injin da kwarkwaronsa ke juyawa da kansa, kamar Ambassadeur na Abu Garcia, don ya ji an ce ya fi nisan jifa.

A hannun gwani yana kai nisa, kuma ya fi dacewa da jawo kifi mai nauyi daga zurfi. Amma in kwarkwaro ya fi zare gudu a lokacin jifa, zaren zai cukurkuɗe ka wuni kana warwara. Sabon shiga ya fara da mai tsayayyen kwarkwaro.

Mai tambaya a kan rubutun IPX da ya gani a kwali: ma'aunin jure ruwa ne. IPX5 yana jure feshin ruwa, IPX6 feshi mai ƙarfi, IPX7 kuma nutsewa mita 1 na minti 30. Mai tsayawa cikin raƙuman ruwa zai ci moriyarsa. Bai ɗauke maka wanki ba.

Wanda ya ce kitsattsen zarensa yana zamewa a kan kwarkwaro, hannu na juyawa amma kifi ba ya zuwa: ka fara naɗa 'yan mitoci na nailan a ƙasa, ka ƙulla kitsattsen a kai. Ka cika har ya rage milimita 2 zuwa 3 daga leɓe. In ya gaza haka jifa ba ta nisa, in ya wuce zare zai riƙa zubowa a dunƙule.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ne da ya shekara yana fatsa a kogi, yana so ya san ko injinsa na ruwan daɗi zai yi aiki a teku. Baba, zai yi na 'yan kwanaki in ana wanke shi a ranar da aka dawo, kuma kifin da ake nema bai fi ƙarfinsa ba. Amma a duba takardarsa tukuna. In jikinsa na maganiziyam ne kuma ba a rubuta cewa an yi shi don ruwan gishiri ba, a bar shi a gida, domin gishiri ya fi saurin cin wannan ƙarfen fiye da alminiyom.